TUSHIYA MAFARIN DAWA: TARIHIN KALMOMIN INGILISHI DA AMFANINSA GA MARUBUCI

GABATARWA

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantun sakandare ya san irin wahalar da ɗalibai ke sha da abin da suke kira manyan kalmomin Turanci. Wani zai sayi ƙamus ya ɗaura ɗamarar haddace shi tun daga harafin farko, kafin ya kai harafi na biyu ya mance abin da ya fara da shi. Wani kuma zai tara kalmomi masu nauyi kamar ashirin, ya riƙa cusa su cikin kowace insha'i ko sun dace ko ba su dace ba, daga ƙarshe ya faɗi jarrabawa yana mamaki. Wannan cuta ba ta bar 'yan'uwanmu marubuta masu tasowa ba, musamman masu rubutu da Ingilishi da masu sha'awar fassara.

Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, kalmomin Ingilishi hawa-hawa suke, kamar ginin da zuriya bayan zuriya ta yi ta ɗora wa tubali. Kowane hawa akwai yaƙi ko ciniki ko neman ilimin da ya kawo shi. Wanda ya san wannan tarihi zai iya warware kalmar da bai taɓa gani ba, kuma zai san wurin da ya kamata ya ajiye ta.

ABIN DA MUKA RIGA MUKA SANI

Kafin mu ƙetare teku, bari mu fara daga gida. Bahaushe idan ya ji "hukunci" da "hukuma" da "hakimi" da "hikima", ko bai taɓa zama gaban malamin Larabci ba, kunnensa zai gaya masa cewa 'yan gida ɗaya ne, domin baƙaƙe uku ne suka haife su. Haka "ilimi" da "malami" da "alama". A cikin Hausa kanta muna da rubutu da marubuci da rubutacce da rubuce-rubuce, duk daga wuri guda. Masana nahawu suna kiran wannan wuri saiwa, abin da aka liƙa a gabanta ɗafa-goshi, na bayanta kuma ɗafa-ƙeya.

To, manyan kalmomin Ingilishi ma da saiwa da ɗafi aka gina su, sai dai yawancin saiwoyin na harshen Latin ne da Girkanci. Tambaya a nan ita ce, yaya aka yi harshen wani tsibiri da ke can arewacin Turai ya cika da saiwoyin harsunan bakin tekun Bahar Rum? Amsar tana cikin tarihin tsibirin.

HARSASHIN GINI

Rumawa sun ci Birtaniya da yaƙi a shekarar 43 Miladiyya, zamanin sarkinsu Claudius, suka zauna har wajen shekarar 410. A lokacin babu Ingilishi a tsibirin, mutanen da suka tarar masu harsunan Celt ne. Ana iya ganin sawun Rumawa a sunayen garuruwa irin su Manchester da Lancaster da Winchester, waɗanda ƙarshensu ya fito daga "castra", wato sansanin soja a harshen Latin.

A ƙarni na 5 ne wasu ƙabilu uku, Angles da Saxons da Jutes, suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna. Daga sunan Angles aka samo sunan Ingila da na Ingilishi. Harshensu shi ne harsashin ginin, kuma kalmominsa su ne na rayuwar yau da kullum: "house", "bread", "water", "mother", "eat", "sleep". Gajeru ne, kuma har yau da su Bature yake magana a gidansa.

A shekarar 597 Fafaroma Gregory ya aiko Augustine yankin Kent don yaɗa Kiristanci. Malaman coci suka zo da littattafai da karatun Latin, kalmomi irin su "school" da "candle" da "bishop" suka shigo. Ta ƙarshen asalinta Girkanci ne, "episkopos", mai duba jama'a daga sama, kuma saiwar nan ta dubawa ita ce muke gani a "microscope" da "telescope".

Bayan nan sai mayaƙan ruwa na ƙasashen Denmak da Nowe, waɗanda ake kira Viking, suka fara kai hari. Sun washe gidan ibada na Lindisfarne a 793, kuma ko da sarki Alfred ya ci galaba a kansu a 878, sun riga sun kafa gidaje a gabas da arewacin ƙasar. Da yake harsunan biyu 'yan'uwan juna ne, cuɗanyar ta yi zurfi ƙwarai, har Ingilishi ya ari wakilan suna, wato "they" da "them" da "their", abin da ba kasafai harshe ke ara ba. Daga wurinsu aka samo "sky" da "egg" da "knife" da "law". Kalmar "window", wato taga, a harshensu idon iska take nufi. "Shirt" da "skirt" kuwa asalinsu ɗaya, ta farko ta 'yan gida, ta biyu ta baƙi.

SHEKARAR 1066

Babu shekarar da ta sauya Ingilishi kamar wannan. Ranar 14 ga Oktoba, 1066, William, sarkin yankin Normandi na arewacin Faransa, ya gwabza da sarki Harold a kusa da Hastings, aka kashe Harold, mulki ya koma hannun masu jin Faransanci. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin na coci da manyan takardu, Ingilishi kuwa aka bar wa talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa gabatar da ƙara a kotu da Ingilishi.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kalmomin Faransanci 10,000 ne suka shiga Ingilishi a wannan zamani. Idan mai karatu ya duba irinsu zai gane wanda ke da iko a lokacin: "judge", "court", "prison", "tax", "army", "government". Majalisarsu ma, "parliament", daga kalmar Faransanci mai nufin yin magana ta fito. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na dabbobi. Saniya da tunkiya da maraƙi, muddin suna wurin kiwo, sunansu na Ingilishi ne, "cow" da "sheep" da "calf". Da zarar namansu ya hau teburi sai ya zama "beef" da "mutton" da "veal", sunayen Faransanci.

Kada mu manta cewa Faransanci ɗa ne ga Latin. Saboda haka saiwoyin Latin sun shigo Ingilishi ta ƙofa biyu, wasu kai tsaye, wasu kuma bayan bakin Faransawa ya goge su. Wannan ne ya sa sau da yawa ake samun kalma uku a kan abu ɗaya. Tambaya tana da "ask" ta asali, da "question" ta Faransanci, da "interrogate" ta Latin. Hawa sama yana da "rise" da "mount" da "ascend". Abin da ya shafi sarki yana da "kingly" da "royal" da "regal". Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mun san bambancin "ya mutu" da "ya rasu" da "ya yi wafati". Ma'ana ɗaya ce, amma kowace da muhallinta, kuma wanda ya ce akuyarsa ta yi wafati dariya za a yi masa.

RIGIMAR KURTUN TAWADA

A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster. Wannan ya zo daidai da lokacin da Turawa suka koma wa littattafan Girkawa da Rumawa na dā. Masu fassara suka ga kamar Ingilishi bai da isassun kalmomin da za su ɗauki falsafa da likitanci da lissafi, sai suka shiga ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci ba ƙaƙƙautawa. Sir Thomas Elyot, wanda ya wallafa littafinsa kan tarbiyyar masu mulki a 1531, yana cikin waɗanda suka yi wannan da gangan, kuma yakan bi baƙuwar kalma da bayani don mai karatu ya saba da ita.

Ba kowa ne ya yarda ba. Thomas Wilson, a littafinsa na fasahar magana na 1553, ya yi ba'a ga masu cika bakinsu da irin waɗannan kalmomi. Ana kiransu "inkhorn terms", wato kalmomin kurtun tawada, waɗanda ba a jin su a kasuwa sai a alƙalamin masu nuna isa. Sir John Cheke, duk da kasancewarsa shehin malamin Girkanci a jami'ar Cambridge, ya dage a kan a bar Ingilishi da tsarkinsa. Da ya fassara Linjilar Matiyu, sai ya ƙi amfani da "centurion", wato shugaban sojoji ɗari, ya ƙirƙiro "hundreder" daga kalmar ɗari ta Ingilishi.

Masu magana da harshen ne suka raba gardamar, kuma ba su ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Kalmar Cheke ta mutu. Daga cikin na masu aro kuma, "impede" ta rayu, kishiyarta "expede" ta ɓace. "Prohibit" da "inhibit" da "exhibit" sun zauna, 'yar'uwarsu "cohibit" ta bi ruwa. Baƙin kalmomi suka yi yawa har sai da wani malamin makaranta, Robert Cawdrey, ya wallafa ƙamus na farko na Ingilishi zuwa Ingilishi a 1604, mai ɗauke da kalmomi masu wuya kimanin 2,500. Ashe kukan da ɗalibanmu ke yi, Turawan da kansu sun yi shi shekara 400 da suka wuce.

Wannan hanya ta aro ba ta toshe ba. Duk lokacin da masu kimiyya suka ƙago wani abu sai su koma wa Girkanci da Latin su yi masa suna. "Tele" nesa ne a Girkanci, "phone" murya, "graph" rubutu, "photo" haske. Daga nan tarho da tangaraho da hoto suka iso bakinmu. Talabijin kuwa ruwa biyu ce, rabin farko Girkanci, rabin ƙarshe kalmar Latin mai nufin gani.

TA HANNUN LARABAWA

Akwai wani hawa da ya kamata mu tsaya a kansa, domin a nan Ingilishi da Hausa suka sha daga rijiya ɗaya. A ƙarni na 12 malaman Turai sun yi ta zuwa Andalus, musamman birnin Toledo, suna fassara littattafan Larabci zuwa Latin. Wani ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara littafin lissafi na Al-Khwarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, a shekarar 1145. Daga kalmar "al-jabr" da ke cikin sunan littafin aka samo "algebra", daga sunan malamin kuma aka samo "algorithm", kalmar da masu kwamfuta ba su rabuwa da ita a yau.

"Sifr" ta Larabci, wadda muke ce wa sifiri, ta haifi kalma biyu, "cipher" da "zero". Sukarinmu da "sugar" tasu duk ta Larabci suka bi, ko da yake asalin kalmar daga Indiya ne, ta ratso Farisa. "Cotton" daga "qutn" take, "admiral" daga "amir", "alcohol" kuwa daga "al-kuhl", wato kwalli. Ita kanta "magazine" daga "makhazin" ta fito, ma'ana rumbunan ajiya. Edward Cave ne ya fara sa wa mujalla wannan suna a Landan a 1731, yana nufin rumbun ilimi.

Daga baya mulkin mallaka ya kawo nasa kason, kamar "shampoo" da "bungalow" da "pyjamas" daga Indiya. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "Kannywood".

MASU BIN DIDDIGI

Sanin asalin kalmomi bai zama ilimi mai ƙa'ida ba sai a ƙarshen ƙarni na 18. Samuel Johnson ya yi ƙoƙarin ba da asalin kalmomi a ƙamusunsa na 1755 mai kalmomi sama da 42,000, amma a wurare da dama hasashe ne. A shekarar 1786 wani alƙalin Ingila da ke aiki a Kalkata ta Indiya, Sir William Jones, ya bayyana cewa kamannin da ke tsakanin Sanskrit da Girkanci da Latin ya wuce a ce dace ne, lalle uwa ɗaya ta haife su. Rasmus Rask ɗan Denmak, sa'an nan Jacob Grimm Bajamushe a 1822, suka nuna cewa sauyin baƙaƙe tsakanin waɗannan harsuna yana bin tsari.

Wannan tsari yana da amfani ga ɗalibi. Inda Latin ko Girkanci ke da "p", tsohon Ingilishi yakan zo da "f". Inda suke da "d", yakan zo da "t". Inda suke da sautin "k", yakan zo da "h". Shi ya sa "father" da "paternal" 'yan'uwa ne, haka "foot" da "pedal", da "tooth" da "dentist", da "ten" da "decimal", da "heart" da "cardiac". Ƙaramar kalmar da yaro ya koya a firamare da babbar da ke tsorata shi a sakandare, kakansu ɗaya.

Wanda ya fi kowa wahala a wannan fage shi ne James Murray, malamin makaranta ɗan Sikotlan, wanda ya bar aji yana ɗan shekara 14 ya ci gaba da koya wa kansa harsuna. A 1879 aka ba shi jagorancin babban ƙamus na Oxford. Masu karatu daga ko'ina suka riƙa aiko masa da 'yan takardu ɗauke da jimlolin da suka tsinto a littattafai, don a nuna yadda ma'anar kowace kalma ta yi ta juyawa. Kashi na farko ya fito a 1884. Murray ya rasu a 1915 bai ga ƙarshen aikin ba, sai a 1928 aka kammala shi da kalmomi sama da 400,000.

YADDA ZA MU CI MORIYA

A 1973 wasu masana biyu, Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff, sun ƙididdige kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamus na Oxford. Sun samu kusan kashi 28 cikin 100 daga Latin ne, kashi 28 daga Faransanci, kashi 25 daga tsohon Ingilishi da danginsa, kashi 5 daga Girkanci. Ke nan wanda ya riƙe saiwoyin Latin da Girkanci ya sami hanyar shiga fiye da rabin ƙamus.

Mu ɗauki saiwar "port", wadda ke nufin ɗauka. Idan muka san "im" ciki ne, "ex" waje, "trans" ƙetare, "re" komawa, to mun mallaki "import" da "export" da "transport" da "report" a zama ɗaya. "Scrib" rubutu ne, "manu" hannu, don haka "manuscript" shi ne rubutun hannu da marubuci ke kai wa maɗaba'a. "Dict" faɗa ne, "pre" kafin, "contra" akasi, sai ga "predict" da "contradict". Hatta kalmomin da muka ara suna da abin koyarwa. Likita daga "doctor" take, ita kuma daga kalmar Latin mai nufin koyarwa, shi ya sa take dangi da "doctrine" da "document". Asibiti daga "hospital" take, saiwarta baƙo ko mai masauki, danginta su ne "hotel" da "hostel" da "hospitality". Shawararmu ga ɗalibi ita ce ya ware littafi guda, kowace saiwa da shafinta, duk kalmar da ya tsinta a karatunsa ya kai ta gidansu, ya rubuta jimlar da ya gan ta a ciki.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba wane ba ne. "Alkali" ta masu kimiyya daga kalmar Larabci mai nufin toka ta fito, ba ruwanta da alƙalinmu na kotu. Ɗafa-goshin "in" yakan kore ma'ana, amma "inflammable" abu ne mai saurin kama wuta, kuma wanda ya fassara ta a baibai a jikin tankar mai zai jawo asarar rai. Sa'an nan ma'ana tana tafiya ta bar asali a baya. "Nice" daga kalmar Latin mai nufin jahili take. Satumba da Oktoba saiwoyinsu bakwai da takwas ne, domin tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa, ga shi yau su ne wata na 9 da na 10. Akwai kuma labaran ƙanzon kurege masu daɗin ji, kamar wanda ke cewa "sincere" na nufin abin da ba a shafa wa kakin zuma ba, alhali babu hujja a kansa. Don haka saiwa ta ba mu hasashe, ƙamus ya tabbatar, jimlolin marubuta nagari kuma su nuna mana muhalli.

KAMMALAWA

Mun ga yadda Ingilishi ya tashi daga harshen manoma da masunta, ya ɗebi kalmomi daga coci da mayaƙan ruwa da fadar Faransawa da littattafan Girkawa da Rumawa da Larabawa. Duk da haka, kalmomin da aka fi amfani da su a kullum kusan dukkansu na harsashin nan ne na farko. George Orwell, a wata maƙalarsa ta 1946, ya gargaɗi marubuta da kada su ɗauko doguwar kalma inda gajera za ta wadatar, kuma wannan ita ce damuwar Wilson tun 1553.

Muna kira ga 'yan'uwa marubuta da malamai da mu koyar da saiwoyin nan tare da tarihinsu. Ɗalibin da ya san cewa "interrogate" ta ofishin 'yan sanda ce, "ask" kuwa ta tsakar gida, ba zai sa uwa ta yi wa ɗanta tambaya da harshen mai bincike a cikin labarinsa ba. Mai fassara kuma da ya san hawan da kalma ta fito zai san ko "mutu" zai sa a Hausa ko "rasu". Wannan aiki ne na a hankali, saiwa biyu ko uku a mako sun isa, kuma sannu ba ta hana zuwa.